Tayawa Take Yi

Ni mai fenti ne, kuma duk wanda ya ce maka fenti yana rufa asiri bai taɓa riƙe bindigar feshi ba. Katako in ya sha guga yadda ya kamata, da na fesa masa mai sheƙi sai ya kwanta luf. In kuwa an yi ha'inci, duk wani ƙarzane da ido bai gani ba sai ya taso ɓaro-ɓaro. Saboda haka ba a yi mini ƙarya a kan gugar katako. Na san hannun kowa a layinmu, na kuma san hannun da ya riƙe shagon 'ya'yan kawuna, duk da ba sunansa ake kira ba.

Su biyu ne a gaban shagon, Babba da Auta. Kafintoci ne, aikinsu kujeru masu lanƙwasassun hannaye, da ƙafafun tebur masu gantsarwa, da kan gado mai kwana-kwana. Abin dariya, kullum suna ƙera kan gado, amma su kansu ba su da shi. A saman ƙofa sun kafa allo, an rubuta da manyan baƙaƙe: HANNUN BABA. In mai saye ya shigo ya shafa hannun kujera ya ce, “Kai, wannan santsi fa?” sai Babba ya gyara tsayuwa, ya ware tafukansa guda biyu masu laushi kamar na mai jego, ya ce, “Gado ne. Hannun mahaifinmu ne.”

Hannun mahaifinsu kuwa yana can ɗakin baya, bayan labulen buhu, a jikin yayarsu.

Kowa Yaya yake ce mata, har ni da nake ɗan gwaggonta, abokin wasanta. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, aka ba ta ɗakin da ke jikin shagon. Ita kaɗai ta zauna gaban mahaifinsu ta koyi guga tun ana yi da samfefa da hannu. Yanka da haɗi kowane kafinta yana yi. Amma goge wurin da ya lanƙwashe, a bi kwana ba a cinye ta ba, a fitar da gantsarwa ba a bar tudu ba, wannan sai mai hannu. Yadda take yi shi ne, in ta goga sai ta tsaya, ta rufe ido, ta bi katakon da kan yatsunta. Tsohon ne ya koya mata cewa ido yana ƙarya, yatsa ba ya yi.

Da aiki ya yi yawa sai suka sayo mata injin guga na hannu, ɗan ƙarami mai igiyar wuta, da faifai a bakinsa inda ake manna samfefa. Ƙarƙashin samfefar akwai soso mai laushi, shi ne yake sa faifan ya bi lanƙwasa. Yaya ta sa masa suna Zanzaro saboda kukansa. Da yana sabo lafiya lau. Amma inji ai ba dutse ba ne. Soson ya cinye, mariƙin gefe ya karye, jakar da ke tare ƙura ta yage aka jefar. Daga baya boris ɗin cikinsa, wanda faifan yake juyawa a kai, ya lalace, sai ya koma jijjiga, in ka riƙe shi sai ka ji har cikin haƙoranka. Shi take riƙewa tun hantsi har la'asar.

In ka tambayi Babba aikin me Yaya take yi a shagon, har ransa ɓaci yake.

“Aiki? Wa ya ce maka aiki take yi? Mu sa yayarmu aiki? Ai tayawa take yi.”

Ku riƙe kalmar nan da kyau, don da ita aka yi komai. Mai aiki yana da lokacin tashi. Mai aiki in inji ya lalace yakan ajiye ya ce a gyara. Mai tayawa kuwa ba ya gajiya, ba ya ƙorafi, tunda wai don ransa yake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Wata safiya aka kawo mini kujeru shida. Na fesa ta farko, sai ga zane-zane zagaye a cikin kwanar hannun, irin wanda faifai yake bari in ya yi tsalle. Na fesa ta biyu, haka. Na ajiye bindiga na ratsa ta shagon na ɗaga labulen buhu.

Ƙura ta cika ɗakin har taga ba ta ganuwa sosai. Yaya tana sunkuye a kan ƙafar tebur, ta ɗaure hanci da tsohon ɗankwali, girarta fari fat da garin katako.

“Ke tsohuwa,” na ce, “ko kin fara gyangyaɗi a kan aiki ne? Kin aiko mini da kujeru duk tsage kamar fuskar kakanninki.”

Kullum in na tsokane ta sai ta rama da abin da ya fi nawa. Ran nan ba ta rama ba. Ta kashe injin, ta ajiye shi, amma yatsunta suka ƙi miƙewa, suna nan a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da shi. Sai da ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Kawunansu sun yi fari.

“Ɗan Gwaggo,” ta ce, “na shafa kujerun nan. Wallahi na shafa su. Santsi na ji.”

“Tun yaushe?”

“An kwana biyu. Da farko kamar ana tsira mini allurai. Yanzu kuma in na tashi da safe sai in ji kamar hannun wani aka ɗaura mini. Jiya kofi ya suɓuce mini, ban sani ba sai da na ji ƙararsa.” Ta yi ɗan murmushi. “Kada ka gaya wa 'yata. Cikinta ya shiga wata biyar, ba na son hankalinta ya tashi.”

'Yar nan ita kaɗai Allah ya bar mata, tana aure a wata unguwa. Tun da aka ce tana da ciki Yaya ba ta da wata magana sai ta jika. Ta ce ba ta yarda wata ta riga ta yi wa jaririn wanka ba. Ita za ta gwada ruwan, ita za ta riƙe ƙeyar, ita za ta shafa man. Iyakar burinta ke nan a duniya, kuma da hannu ake yin sa.

Na ɗauki Zanzaro da kaina na kai wa mai gyaran inji na bakin titi. Ya jona shi, ya riƙe, ko minti ɗaya bai yi ba ya kashe yana yarfe hannu.

“Wa ke aiki da wannan? Boris ya tafi, faifan ya karkace. Ko lafiyayye ne ba a wuni da shi, ana yi ana hutawa. Wannan kam kashe jijiya zai yi. A sake boris da soso, a sa mariƙi, ko a jefar da shi.”

Na dawo na gaya wa Babba yana zaune gaban fanka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

“Masu gyara ke nan. Ka taɓa kai musu abu sun ce lafiyarsa ƙalau? Inji yana juyawa, yana cin katako, me kuma ake nema?”

“Hannunta ake nema. Yana mutuwa.”

“Haba, Ɗan Gwaggo. Injin ne fa yake aikin. Ita riƙewa kawai take yi.”

“To kai ka riƙe mana.”

Ya taɓa riƙewa, kowa ya sani. Kujera ɗaya ya taɓa, ya cinye mata kwana har sai da aka sake hannun. Auta kuwa da ya gwada, bayan ɗan lokaci ya ajiye ya ce tafinsa yana ƙaiƙayi, jikinsa ba ya son abin. Na tuna musu. Auta, wanda yake danna waya a kan wani kan gado da ba a gama ba, ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Ai kowa da baiwarsa. Ita Allah ya ba.”

“Ku ɗauki ma'aikaci.”

“Bare?” in ji Babba. “Mu shigo da bare ya ga sirrin gidanmu, gobe ya buɗe nasa? Kuma bare ai sai ya kafa maka sharaɗi. Yau takunkumi, gobe safar hannu, jibi hutu. Naka sai naka.”

Gaskiya ya faɗa ba da niyya ba. Abin da suka yi mata, bare ba zai tsaya a yi masa ba.

Ban riƙe amanar Yaya ba, na gaya wa 'yarta, kuma ban yi nadama ba. Yarinyar ta zo da cikinta ta tasa uwar a gaba sai asibiti. Da suka dawo ta same ni a rumfata, idonta ja. Ta ce likita ya tsira wa Yaya allura a kan yatsu, uku ba su ji komai ba. Ya ce jijjigar injin ce take kashe jijiyoyin. In ta ajiye yanzu, yau ɗin nan, ana sa ran wani abu ya dawo. In ta ci gaba, abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Da yamma aka zauna a tsakar gida. Inna, mahaifiyarsu, tana kan tabarma da carbi. Babba da Auta suna kan kujerun da Yaya ta goge. Yarinyar ta maimaita maganar likita.

“Sanyi ne,” in ji Inna. “Ni ma da damina yatsuna haka suke yi. A dafa mata ruwa ta gasa.”

“Inna, ba sanyi ba ne. Likita ya ce...”

“Likita ya san gidanmu ne? Mahaifinsu shekara nawa yana guga, hannunsa ya mutu?”

“Da samfefa yake yi, ba da inji ba,” na ce.

Babba ya yi gyaran murya, ya sa fuskar nan tasa ta mai hankali. “Ni fa ba na son a mai da mu azzalumai. Wa ya tilasta mata? Yaya, na taɓa cewa dole? Ɗaki mun ba ki, abinci tukunya ɗaya muke ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kin ce kin daina taya ƙannenki, shi ke nan, sai mu rufe shagon, sunan Baba ya mutu, mu ga abin da Inna za ta ci.”

Kun ji fa. Bai ce dole ba. Ya dai ɗauko uwa da kabarin uba ya ɗora mata a ka, ya koma gefe yana kaɗa ƙafa.

“Kawu,” in ji yarinyar, “ko injin ku gyara.”

“Za a gyara. Wa ya ce ba za a gyara ba? Sai dai yanzu mun karɓi aikin wani ɗakin taro, kujeru masu hannu, kuma sun sa rana. In aka kai inji gyara aiki ya tsaya. A gama wannan kawai. Daga shi ta huta, ni da kaina zan kulle ɗakin.”

Inna ta dubi Yaya. “Ke ce babba. An ce babba juji ne. Ki yi haƙuri ki rufa wa 'yan'uwanki asiri.”

Yaya ta daɗe tana kallon hannayenta a kan cinya. Sannan ta ce, “To, Inna. A gama wannan ɗin.”

Na so in yi ihu. Amma ni ma bari in faɗi nawa, tunda na ce fenti ba ya rufa asiri. Rabin aikin da nake samu daga shagon nan yake zuwa. Na yi tsaki, na tashi na fita, kuma washegari da aka kawo kujeru na fesa.

Kujerun ɗakin taro suka ci wata guda. Ranar da motar ta kwashe su, kafin ƙurarta ta kwanta an sauke katakon gadaje na wani mai otal. Na tare Babba a ƙofa na ce ina alkawarin kulle ɗakin? Ya ce, “Yanzu in arziki ya ƙwanƙwasa maka ƙofa sai ka ce ba ka nan? Wannan ɗin ne na ƙarshe.” Bayan gadaje aka kawo teburan cin abinci, su ma su ne na ƙarshe. A gidan nan na ƙarshe ya fi na farko yawa.

Don kada a ce ba su yi komai ba, Auta ya sayo mata safar hannu, irin ta ulu da yara ke sawa. Ya kawo ta gaban mutane yana ɗaga ta sama. Ta sa ta kwana biyu, injin ya riƙa zame mata, dole ta ƙara matse shi, sai ta cire. Daga ranar in an yi maganar hannunta sai su ce, “Mun saya mata safa, ita ta ƙi sawa.”

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, zanen nan da na gani a kujeru shida bai sake fitowa ba. Aikin ya koma sumul kamar da. Har na fara cewa ko Allah ya kawo sauƙi. Sai wata rana na ɗaga labulen ba ta ji shigowata ba. Ta kashe injin, ta ajiye, ta rufe ido kamar yadda ta saba. Amma ba ta kai hannu ba. Sunkuyawa ta yi ta ɗora kumatunta a kan lanƙwasar katakon, ta bi ta a hankali tun daga sama har ƙasa. Inda ta ji tudu sai ta tsaya, ta ciji fensir ta yi alama, don yatsun ba sa riƙe fensir. Kumatun dama duk ya yi ja, fatar ta fara saɓulewa.

“Yaya!”

Ta ɗago a firgice, sannan ta yi dariya. “Ka kama ni ina sumbatar katako. Kada ka kai ni gaba, in rasa manema.”

Ban iya dariyar ba. “Yatsun fa?”

“Sun tafi yawo. Ko za su dawo, Allah masani.” Ta juya hannun tana dubawa, sai na ga wani baƙin tabo a tafin, ya kumbura ya yi ruwa. Ta ce murfin tukunya ta ɗauka shekaranjiya. Ba ta san da zafi ba sai da matar Babba ta ce tana jin ƙauri.

“Me suka ce?”

“Babba ya ce in riƙa kula, wai na cika gaggawa.”

Na ce ta ajiye, ta zo gidana ta zauna, matata za ta yi murna. Ta girgiza kai. Ta ce in ta fita, Inna za ta ce ta tona musu asiri a duniya, kuma tsohuwar ba ta da ƙarfin ɓacin rai. Ta ce saura kaɗan, in 'yarta ta haihu ai dole su bar ta ta tafi. Sannan ta ja ni gefe ta ɗaga wani buhu. Guntayen katako ne da ta tsince daga shara, ta lallaɓi Auta ya haɗa mata su. Ɗan gadon jariri ne, gefunansa a lanƙwashe, ba kusurwa ko ɗaya.

“Wannan ba zan sa masa Zanzaro ba,” ta ce. “Da samfefa zan bi shi, yadda Baba yake yi. Kai kuma ka fesa mini, kuma kada ka yi mini aikin abokin wasa.”

Da hutun azahar take yin sa, lokacin da ƙannenta suke cin abinci. Samfefar ba ta zama a yatsunta, sai ta naɗe ta a tafin hannu ta ɗaure da tsumma. Mako uku ta yi. Ranar da aka kawo mini shi na ɗauke shi zuwa haske, ban taɓa ganin guga irin wannan ba. Sai dai a gefe ɗaya, ta ciki, akwai ɗigo-ɗigo masu duhu da suka shiga cikin katakon. Na je na kama hannunta na duba. Sartse ne ya shige ƙarƙashin farcenta, dogo, har wurin ya fara ruɓa. Kwana nawa yana ciki, ba ta sani ba. Na cire mata shi da ɗan hantsaki tana kallona tana ba ni labari, ko ƙifta ido ba ta yi ba. A nan na san magana ta ƙare. Na koma rumfata na zauna, na kasa fesa komai har yamma.

Yarinyar ta haihu ranar wata Talata da hantsi, mace. Washegari muka tafi gaba ɗaya a motar shago, gadon yana baya. Babba ne ya sauke shi da kansa, ya shiga da shi a kafaɗa. Dangin mijin suka taso suna shafawa suna salati. Ya ce, “Ɗan abin da muka iya ke nan. Hannun Baba ne.” Yaya tana bayansa, ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi.

Aka kawo ruwan wanka a roba. Mai jegon ta ce kowa ya matsa, uwarta ce za ta yi, an yi alkawari. Yaya ta durƙusa, ta tsoma hannu a ruwan, ta daɗe. Ta fitar, ta sake tsomawa. Muna tsaye muna kallo.

“Mama, ya yi?”

Uwar mijin ta sa yatsa, ta fizge da sauri. “Subhanallahi! Ai wannan sai ya saluɓe yarinya. A kawo na sanyi.”

Aka sirka. Mai jegon ta ɗauko jaririyar ta miƙa wa uwarta. Yaya ta tara hannu biyu, aka ɗora mata. Na ga yadda take kallon hannayen nata, tana neman ta gani da ido ko ta riƙe, ko ta matse da yawa, ko ta saki. Kan jaririyar ya fara zamewa daga tafinta, ba ta ji ba, sai da 'yar ta yi wuf ta tare.

Yaya ta janye hannayenta a hankali ta mai da su cikin mayafi.

“Ba wa kakarta ta wajen uba ta yi mata,” ta ce. “Ni dai riƙe mini ita, ki matso da ita nan.”

'Yar ta matso da jaririyar. Yaya ta rufe ido, ta ɗora kumatunta na hagu, wanda bai saɓule ba, a kan goshin jikar tata. Ta bi shi a hankali zuwa kunne, zuwa wuya, zuwa ɗan kafaɗar. Hawaye yana bin fuskarta yana sauka a kan zanen goyon.

“Sumul,” ta ce. “Babu wurin gyara.”

Matan da ke ɗakin suka kau da kai, wasu suna share ido. Kuna tsammani a nan kunya za ta kama Babba? Ai wanda bai da ita ba ta kama shi. Yana daga bakin ƙofa da kofin shayi, ya ce, “Gajiya ce da tsufa. Dama mun yanke shawara mu hutar da ita, ta yi mana ƙoƙari.” Wato sun lura kwanan nan injin yana faɗuwa daga hannunta, ya fasa musu katako biyu. Hutun da likita ya nema wata huɗu da suka wuce, yau sun ba da shi, da ba sauran abin da za a tatsa.

Bai tsaya nan ba. Ya kurɓi shayinsa, ya zuba wa hannun mai jegon ido, yadda ta tallafe ƙeyar jaririyar da yatsu dogaye irin na uwarta.

“Ikon Allah,” ya ce. “Auta, dubi yatsun nan. Ke ma fa hannun Baba ne da ke. Ai kin sha zama wurin uwarki kina gani. In kin warware, ki riƙa leƙowa kina ɗan taya mu. Ba aiki ba, tayawa kawai.”

Shekara da shekaru ban taɓa jin Yaya ta ɗaga wa ƙaninta murya ba, kuma ran nan ma ba ta ɗaga ba. Ta miƙe, ta taka har gabansa, ta fitar da hannayen daga mayafi ta ɗora su a kan tafinsa, da tabon ƙuna, da farcen da ya ruɓe, da yatsun da suka ƙi miƙewa. Ya so ya janye, mutane suna kallo, ya kasa.

“Riƙe,” ta ce. “Ga hannun Baba nan, na kawo maka. Ka kai shago ka rataya a jikin allon. Shi ke nan wanda ya rage, kuma kun cinye shi. Na 'yata kuwa nata ne, da shi za ta yi wa 'yarta wanka.”

Inna ta fara cewa, “Haba, ke ce babba...”

“Na yi babban, Inna. Ya isa.”

Ba ta koma gidan ba. Ni na je na kwaso mata kayanta, ba su cika buhu biyu ba. Tana wurin 'yarta yanzu. Cokali sai an ɗaura mata, maɓallin riga sai an sa mata. Likita ya sake gwada allurar, ya ce a yi haƙuri. Ni kuma na daina karɓar aikin shagon, ihu bayan hari, na sani, ba sai an gaya mini ba.

Su Babba sun ɗauki bare. Ranar farko ya jona Zanzaro, ya kashe, ya ce ba zai taɓa shi ba sai an gyara. Kafin azahar an sake boris, an sa sabon soso da mariƙi, har da jakar ƙura. Mai gyaran ya ce mini aikin bai kai awa ɗaya ba.

Allon yana nan a saman ƙofa. Jiya na wuce na ji wata mai saye tana tambayar ina matar nan da take aiki a baya. Babba ya ce, “Wace? Au, Yaya? Ai ba aiki take yi ba.”